Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ciyamomin Jigawa: a buɗe mana ɗakunan karatu

Zuwa ga masu girma shugabannin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, tare da kansilolinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya dafa muku a kan nauyin da kuka ɗauka, na rubuto ne a kan abin da ba kasafai ake jin ɗan takara ya ambata a wurin yaƙin neman zaɓe ba, wato ɗakin karatu na jama'a. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ina zaune a ƙauye a ƙasar Haɗeja. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda ba tawa ba ce ni kaɗai. Ta iyayen yara ce, ta manoma, ta matan aure, ta duk wanda hukuma ta taɓa ce masa "je ka cike a intanet" ya rasa inda zai dosa.

Na san amsar da ake bayarwa da zarar an tayar da wannan zance. Sai a ce, "Haba Malam, ai zamanin laburare ya wuce, yanzu komai yana cikin waya." Masu faɗin haka yawanci mutanen kirki ne, masu ilimi, kuma a wurinsu maganar gaskiya ce, domin suna da babbar waya, suna da kuɗin data, suna da wutar yin caji, kuma suna jin Turanci. Mutumin ƙauyenmu da wuya ya haɗa biyu daga cikin waɗannan huɗun. Abin da nake so ku duba shi ne, zuwan waya da intanet bai rage mana buƙatar ɗakin karatu ba. Shi ne ma ya mayar da shi wajibi, a dalilin abin da hukumomi da kansu suka yi.

Ku dubi yadda aka kwashe ƙofofin gwamnati ɗaya bayan ɗaya aka mayar da su cikin kwamfuta. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, a 2021 kuma aka ce ba mai rajistar JAMB sai da ita. A 2024 aka buɗe asusun bai wa ɗalibai bashin karatu, NELFUND, kuma ta intanet ake nema. A shekarar ce WAEC ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zanawa daga waje. Ɗaukar ɗan sanda, soja, kwastan, duk ta intanet ake cike fom. Ba na sukar wannan tsari, yana da amfaninsa, ya rage cuwa-cuwa a wurare da dama. Amma wanda ya sauya wa ƙofa wuri, hakkinsa ne ya share hanyar da talaka zai bi ya isa gare ta. An sauya ƙofar, hanyar ce har yau ba a share ba.

Bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa. Yaro zai gama sakandare a ƙauye, mai ƙoƙari, wanda malamansa ke alfahari da shi, amma bai taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba. An koya masa darasin kwamfuta a kan allo da alli, ya haddace sunayen sassanta, ya ci jarrabawar aji. Ranar JAMB za a tashe shi da asuba a sa shi a mota zuwa Dutse ko Haɗeja ko Gumel ko Kazaure, a zaunar da shi gaban na'ura, agogo na tafiya. Kafin hannunsa ya daina rawa, kafin ya gane yadda ake wucewa daga tambaya zuwa tambaya, lokaci ya ci rabinsa. Idan sakamako ya fito sai a ce yaran karkara ba su da ƙoƙari. Wallahi suna da shi. Na koyar da su, na san abin da ke cikin kawunansu. Ba lissafi ko Turanci ne ya kayar da da yawansu ba, baƙuntar na'ura ce, abin da zaman sati biyu a gaban kwamfuta zai kawar.

Kafin ma a kai ga ranar jarrabawa akwai wahalar rajista. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya zama abin da magidanci zai yi lissafi kafin ya fitar. A can kuma sai an biya mai shagon kwamfuta kuɗin cike fom, kuɗin firintin, kuɗin fotokwafi. Idan sabis ya ɗauke, a dawo gobe, a sake biyan mota. Yaron shago yana da layin mutane a gabansa, yana sauri, sai ya rubuta Muhammad inda takardar makaranta ta ce Muhammed, ko ya juya ranar haihuwa, ko ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa a madadin na mai fom don a gama da wuri. Wata shida bayan haka saƙon gurbin karatu ya shiga wayar wani, mai shi bai sani ba har lokaci ya wuce. Gyaran harafi ɗaya tsakanin NIN da takardar sakandare kan ci watanni, da zuwa kotu yin rantsuwa, da kuɗin da ya fi na rajistar kanta. Ban ga laifin masu shagunan ba. Sana'arsu suke yi, man janareta suke saye da tsada, kuma ba don su ba da abin ya fi haka muni. Sai dai garin da ba shi da rijiyar jama'a, kowa sai ya sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, mai hali ya yi wanka, marar hali ya yi taimama. Ɗakin karatu shi ne rijiyar, kuma haƙa rijiyar gari aikin hukuma ne.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, inda ake ajiye jarida da 'yan littattafai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, kuma kwafi ɗaya kan zaga hannu da yawa, wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci. A 1980, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya, dattawa da matan aure suka riƙa zama ajin yamma, wasunsu har yau da wannan karatun suke duba saƙo a waya. Bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, jiharmu ce kuma ta yi suna da shiga harkar kwamfuta da wuri, a zamanin Gwamna Saminu Turaki, da makarantar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure wadda har yanzu take yaye ɗalibai. Muna da tarihin, muna da yaran da suka koya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri ɗaya, a kusa da mutane.

A nan zan roƙi ku ba ni aron hankalinku sosai, domin a nan nake jin tsoro. Idan wannan wasiƙa ta yi tasiri, abu mafi sauƙi shi ne a ba da kwangila: a yi gini, a shafa fenti, a jera kwamfutoci, a gayyato manyan baƙi a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Na ga irin wannan da idona a wani gari da ba zan kama sunansa ba. Bayan biki aka kulle ƙofa, makulli yana hannun wani da ke zaune a birni. Batir ya mutu ba mai sauyawa, kuɗin intanet na wata uku ne aka biya ya ƙare, hunturu ya shigo da ƙura ya cika na'urorin, ɓeraye suka ci wayoyin. Yaran garin suna wucewa ta gabansa kullum a kan hanyarsu ta zuwa biyan kuɗi a shago. Idan haka za a yi, gara a bar kuɗin a sayi magani a asibiti.

Ran ɗakin karatu na wannan zamani mutum ne, ba na'ura ba. Ina nufin ma'aikaci na dindindin, mai albashi a kan kari, ɗan yankin, wanda yake kwana a garin, wanda ya iya kwamfuta kuma ya iya mutane. Wanda tsoho zai zo masa da ƙaramar waya ya ce, "Ɗana, duba mini wannan saƙon, wai daga banki," ya karanta ya ce, "Baba, kada ka ba su lambar nan, 'yan damfara ne, banki ba ya tambayar lambar sirri." Wanda zai zaunar da yarinya ya bar ta ta cike fom ɗinta da hannunta, yana gefe yana nuna mata, ko da hakan zai ɗauki awa guda maimakon minti goma, don gobe ta iya da kanta har ta koya wa ƙanwarta. Bambancinsa da mai shago ke nan. Mai shago yana so ka dawo, shi kuwa aikinsa ya sa ka daina buƙatarsa.

Kuma aiki ne na amana. Ta hannunsa lambobin BVN da NIN na mutanen gari za su riƙa wucewa, zai san wa ya nemi bashi, wa ya nemi aiki a ɓoye, wace mace ce ta zo neman bayani a kan wata lalura da take jin nauyin faɗa. Don haka ina roƙonku da girman Allah kada a mayar da wannan gurbi ladan wahalar siyasa. A nemi wanda liman da hakimi da shugaban makaranta za su shaide shi, a gwada shi a gaban kwamfuta kafin a ba shi, a kuma tura shi horo a kan aikin laburare, domin ilimi ne mai zaman kansa da ake karantawa har jami'a.

Akwai wani aikin da irin wannan mutum zai yi wanda ba a yi wa laburare tunaninsa a da. Waya ta kawo mana labari da yawa, ba ta kawo matacin da za a tace shi ba. Duk wanda ya yi wayo a 2014 ya tuna daren da aka tayar da mutane ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, wai rigakafin Ebola ne. Ta waya abin ya zaga ƙasar nan kafin gari ya waye, kuma an samu waɗanda ya yi wa illa. Yau abin ya wuce nan. Ana haɗa murya da hoton mutum da na'ura, a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba, kuma saƙon murya da Hausa yana shiga kunnen wanda bai iya karatu ba kai tsaye. Gari yana buƙatar wurin da za a je a ce, "Wannan gaskiya ne?" a samu wanda ya san yadda ake bin diddigi, ya nuna wa matasa su ma su iya.

Sai maganar mata, wadda idan aka manta da ita an gina rabin abu ne. Kowa ya san yadda muke. Idan ɗakin ya cika da samari, budurwa ba za ta shiga ba, mai gida ba zai bar matarsa ta je ba, kuma ba wanda zai fito ya faɗi dalili, sai dai a wayi gari a ga babu mace ko ɗaya a ciki, a ce ai mata ba sa son karatu. Wannan ba gaskiya ba ne. Su waye suka riƙe kasuwar littattafan Hausa a shekarun 1990, suna karɓar haya ana kai musu har cikin gida? Su waye yanzu ke bin labarai shafi-shafi a WhatsApp, wasu da wayar miji idan ya dawo da dare? Ƙishirwar karatu tana nan a cikin gidajenmu. A ware musu ranaku ko sa'o'i nasu, a sa ma'aikaciya mace, a yi shawara da malaman Islamiyya a kan lokacin da ya dace, a tanadi tabarma a gefe saboda masu goyo. Mace mai ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula da ta koyi duba alat da kanta, ta daina dogara da yaron da take aikawa wurin mai POS, ta samu abin da ba mai ƙwace mata.

Kada kuma a ce tunda kwamfuta ta zo sai a tattara littattafai a zuba a sito. Littafi ba ya neman caji, ba ya jiran sabis, kuma ba ya jan yaro zuwa kallon bidiyo yana tsakiyar karatu. A makarantunmu na ƙauye sau da yawa littafin darasi ɗaya ne a hannun malami, yara sai abin da suka kwafa daga allo. A sa littattafan manhaja na firamare da sakandare, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da ƙamus, da littattafan addini, da na labarai da Hausa don ƙananan yara, waɗanda idan ba su saba da karatu da harshen da suke mafarki da shi ba, da wuya su so shi da wani harshen. Ban da littafi ma, ɗakin da kansa ni'ima ne. A gidan da mutum goma sha ke zaune, ga awaki, ga aike, ga rediyo, ina yarinya mai shirin jarrabawa za ta samu shiru da fitila? Ɗaki mai haske da benci da ake buɗewa daga la'asar zuwa bayan isha'i ya wadatar da ita. Wannan yana nufin kada a ɗaura wa wurin lokacin ofis, a buɗe ƙarfe takwas a rufe ƙarfe biyu, daidai lokacin da yara suna makaranta manya suna gona.

Manoma ma suna da rabonsu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, amma sau nawa yake isa kunnen mai noman gero kafin ya yi shuka? Rubutun da ke jikin robar maganin feshi da Turanci yake, ƙanana, mutane na auna shi da ka. A liƙa hasashen a bango da boko da ajami, a sa malamin gona ya riƙa zama a ɗakin ranar kasuwa, a riƙa rubuta farashin riɗi da zoɓo na Gujungu da Maigatari, don manomi ya san abin da ake ciki kafin dillali ya iso ƙofar gidansa.

Akwai kuma abin da mu ne za mu bai wa intanet, ba ita za ta ba mu ba. A gidajen malamai da tsangayoyin jihar nan akwai takardun ajami da na Larabci da aka gada kaka da kakanni: waƙoƙin wa'azi, wasiƙu, tarihin zuri'a, bayanin magunguna. Gara tana ci, ɗigar ɗaki tana ci, ambaliyar 2022 da ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a jihar nan ba ta tambayi abin da ke cikin gafaka ba. Akwai tsofaffin masunta a fadamar Haɗeja da suka san hanyoyin ruwa tun kafin ciyawar kacala ta toshe su, akwai tsofaffin mata da ke da tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da jikokinsu ba su sani ba. Duk wanda ya rasu a cikinsu ya tafi da nasa. Ma'aikacin ɗakin karatu mai na'urar ɗaukar hoton takarda da wayar naɗar murya zai iya adana wannan, da yardar masu shi, ba tare da an raba kowa da takardarsa ba. Na fi damuwa da wannan fiye da yadda zan iya rubutawa, domin shi kaɗai ne a cikin abubuwan da na lissafa wanda idan aka makara ba ya gyaruwa.

Ranku ya daɗe, ban manta da halin da kuke ciki ba. Ga albashi, ga hanyoyin da ruwa ya cinye, ga asibitoci, ga jama'a a ƙofar gida tun asuba kowa da buƙatarsa. Amma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin firamare da na manya da koyon sana'a cikin abubuwan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne su sarrafa. Abin da nake nema bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Ba sai an yi sabon gini ba. Akwai tsofaffin ɗakunan karatu da ke kulle, akwai cibiyoyin mata, akwai azuzuwan da ba a amfani da su. A gyara rufi, a sa ƙofa da taga masu hana ƙura, a ɗora faifan sola da batir mai kyau, kwamfuta ko da biyar ce, firinta ɗaya, fanka. Inda sabis ba shi da ƙarfi, akwai manhajoji irin su Kiwix da ke ajiye Wikipedia da darussa a cikin na'ura a karanta ba tare da intanet ba. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne layi guda a cikin kasafin kuɗi, na kowane wata, don data da tawada da takarda da gyara. Wannan ƙaramin layin ne ake mantawa, kuma rashinsa ne ke kashe wuraren.

Ba ku kaɗai za ku ɗauka ba. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da asusun USPF na hukumar sadarwa ta NCC suna da shirye-shiryen kai kayan fasaha karkara, kuma wanda ya je musu da ɗaki a buɗe da ma'aikaci a zaune ya fi wanda ya je da takardar roƙo kawai. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da ke dawowa gida hutu, akwai masu bautar ƙasa. Masarautunmu biyar, Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, suna da hakimai da dagatai da idan aka damƙa musu kula da wuri, ba mai ɗauke batir da dare. A kafa ɗan kwamiti a kowane gari, da mace a ciki, wanda zai riƙa sanin ranar da aka buɗe da ranar da ba a buɗe ba. Kuma a bar shi ya zama na kowa, kada a liƙa masa hoton jam'iyya, domin ranar da mulki ya sauya hannu za a kulle shi tare da hoton.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Kafin ku kammala kasafin baɗi, kowannenku ya tambaya ko akwai ɗakin karatu a ƙaramar hukumarsa, ya je da kansa ba tare da sanarwa ba, ya ga ko a buɗe yake, ya tambayi wanda makulli ke hannunsa. Sannan ya zaɓi guda ɗaya, a garin da ya fi nisa da hedikwata, ya sa a buɗe shi kafin farkon shekara, lokacin da JAMB ke fara rajista, don yaran da za su zana ta su samu inda za su fara koyon riƙe linzami.

Allah ya ba ku ikon yi. Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga karkarar ƙasar Haɗeja.